Aikatan Sauyin Hali a Ingilishi: Abin da Kalmar "Become" Ba Ta Iya Ɗauka

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa duba rubutun ɗalibai Hausawa masu koyon Ingilishi ya san yadda suke ɗora wa kalmar "become" kayan da ya fi ƙarfinta. Dalili kuwa shi ne, tun daga firamare aka nuna musu cewa ita ce "zama". Wannan maƙala za ta dubi sauran aikatan da Ingilishi ke amfani da su wajen nuna sauyi daga wani hali zuwa wani, domin a ga cewa kowanensu na ɗauke da wani ƙarin bayani: saurin sauyin, ko kuma hukuncin mai magana a kansa.

2.0 Rukunin Aikatan

Quirk da abokan aikinsa, a babban littafinsu na nahawun Ingilishi na 1985, sun raba aikatan da ke haɗa suna da bayaninsa gida biyu. Akwai masu nuna halin da ake ciki, kamar "be" da "seem", akwai kuma masu nuna halin da aka shiga, wato "become", "get", "grow", "turn", "go", "come", "fall" da "run". Abin lura shi ne, galibinsu aikatan motsi ne da aka aro. Ita kanta "become" a tsohon Ingilishi ma'anarta "isowa" ce.

"Become" da "get" su ne masu faɗin fage, sai dai ta farko ta fi zama a rubutu, ta biyun kuma a baka. Amma akwai tarko a nan. "Become" na karɓar suna da sifa duka, ita kuwa "get" idan suna ya biyo ta sai ta koma ma'anar "samu". Saboda haka "he became a doctor" na nufin ya zama likita, alhali "he got a doctor" na nufin ya samo likita. "Grow" kuwa ta sauyin da ke zuwa sannu a hankali ce, kamar a "grow old". "Turn" ta fi son launi da ɗanɗano da shekarun haihuwa: "turn red", "turn sour", "turn forty".

3.0 Tafiya da Zuwa

Inda lamarin ya fi ban sha'awa shi ne tsakanin "go" da "come". Eve Clark, a wata maƙala da ta fito a mujallar Language a 1974, ta nuna cewa Baturen Ingila yana ɗaukar lafiyayyen hali tamkar gida ne. Wanda ya bar shi ya "tafi", wanda ya shige shi ya "zo". Shi ya sa ake cewa "go mad", "go blind", "go deaf", "go bad", amma a ce "come true", "come right", "come alive". Wannan tunani ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin shi ma yakan ce wane ya fita daga hayyacinsa, in ya farfaɗo kuma a ce ya dawo hayyacinsa. A ganina, malamin da ya fara da wannan misali na gida ya rage wa kansa rabin wahala.

Ƙa'idar ba ta rasa togaciya ba. "Come loose" da "come apart" ba alheri suke nufi ba, haka kuma "go public" ba lallai ne ya zama sharri ba. Wasu kuwa sai dai hadda, don babu wata hujjar da ta sa ake cewa "fall ill" da "fall asleep" amma ba a cewa "fall mad".

4.0 Matsalar Fassara

Hausa ba ta bin wannan hanya ta aikatau da sifa sai nadiran. Sau da yawa sauyin na cikin aikatau ɗin kansa, musamman waɗanda ke aji na huɗu a tsarin da Parsons ya gabatar a 1960: makance, haukace, lalace, ƙafe. In ba haka ba sai a yi amfani da "yi" da suna, kamar nono ya yi tsami, ido ya yi ja. "Zama" da "koma" da "rikiɗa" an fi keɓe su ga sauyin matsayi ko kama, kamar ya zama sarki, ya rikiɗa ya koma kura.

Daga nan kuskure ke fitowa ta fuska biyu. Mai fassara zuwa Hausa yakan mayar da "the well ran dry" ya ce rijiya ta zama busasshiya, alhali duk macen da ta taɓa jefa guga ta ji ya bugi ƙasa cewa za ta yi rijiya ta ƙafe. Ɗalibi kuma, da yake komawa Ingilishi, sai ya rubuta "the milk became bad". Nahawu bai karye ba, mai gyaran takarda ma ba zai sami inda zai sa jan biro ba, amma ɗan harshen da ya buɗe kwalba ya ji tsami "the milk has gone bad" zai ce.