Faɗakarwa Kan Fis da Wayar Amfilifaya a Mota

Yana daga cikin al'adun samarin zamanin nan, har ma da waɗansu dattawan da ba su so a faɗa, idan Allah ya hore wa mutum mota, sai ya ga muryar rediyonta ba ta ƙosar da shi ba, ya nemo amfilifaya da manyan lasifikoki a girka masa a cikin but. Wannan ba abin zargi ba ne matuƙar ba a cutar da maƙwabta da masallata ba, amma fa akwai wani haɗari a ƙarƙashinsa wanda galibin mutane suke gafala da shi, har sai sun ji ƙaurin roba ya cika mota.

Asalin al'amarin shi ne, batirin mota folt 12 ne kurum, idan injin yana aiki kuma altaneta ta ɗaga shi zuwa wajen 14, kuma saboda ƙarancin wannan adadi ne mutane suke raina shi, alhali kuwa abin da ya rasa ta wajen folt ya mayar da shi ta wajen yawan wutar da yake iya turowa, wadda ake aunawa da amfiya. Mu ɗauki amfilifaya mai wat 500 na haƙiƙa, ba irin lambobin ƙaryar nan da ake dannawa a jikin kwali ba: ko da ta kasance cikin masu tattalin wuta, waɗanda kashi 80 cikin ɗari na abin da suka sha yake zama sauti, za ta buƙaci wat 625 daga batir, idan kuwa aka raba wannan da 14 sai a sami wajen amfiya 45. Wannan wuta duka za ta bi waya guda ɗaya, tun daga gaban mota har zuwa but, tafiyar kusan mita 5, ta ƙarƙashin shimfiɗa da kujeru.

Saboda haka sharaɗi na farko shi ne kaurin waya. A ma'aunin Amurka, wanda shi ake bugawa a jikin yawancin wayoyin nan, gwargwadon ƙanƙantar lamba gwargwadon kaurin waya, wato ƙarfen da ke cikin lamba 4 ya ninka na lamba 8 sau biyu da rabi. A misalin da muka kawo, lamba 8 tana bakin iyakarta, mai hankali sai ya ɗauki 4. Sannan a kula da ha'incin kasuwa, domin akwai wayar da cikinta alminiyom ne aka lulluɓe da jan ƙarfe, alminiyom kuwa kashi 61 cikin ɗari kaɗai yake ɗauka na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka. Ana gane ta da rashin nauyi, da kuma farin da yake bayyana idan aka yanka bakinta.

Amma inda aka fi yin kuskure, har da waɗansu 'yan rewaya da suka daɗe a sana'a, shi ne wajen fis. Za ka ji mutum ya ce ai amfilifayar tana da fis a jikinta, me ake da wani kuma? Jawabin shi ne, fis ɗin jikin amfilifaya ita kaɗai yake karewa, ba ruwansa da doguwar wayar da ta taso daga batir. Idan bakin ƙarfe ya ci robar wayar nan a tsakiyar hanya, ta taɓa jikin mota, wanda shi ne hanyar komawar wuta, to batir zai kwararo ɗaruruwan amfiya nan take, waya ta yi jajur, shimfiɗa ta kama, fis ɗin da ke can cikin but kuwa yana nan lafiya lau bai san abin da ake ciki ba, tamkar mai gadin da aka ajiye a ƙuryar ɗaki aka bar ƙofar gida a buɗe. Don haka wajibi ne a sa fis na musamman a kan jar waya, wato doguwar wayar nan, dab da kan batir, kada tazararsu ta wuce inci 18, wato kimanin santimita 45, kuma ƙarfinsa ya dace da abin da wayar take iya ɗauka: lamba 8 ta jan ƙarfe kada a ɗora mata fiye da wajen amfiya 50, lamba 4 kuwa tana jure 100. Babban fis a kan siririyar waya da babu duk ɗaya ne, domin wayar ce za ta riga shi narkewa.

Sauran sharuɗɗan masu sauƙi ne. A cire kan batir mai alamar ragi kafin a taɓa komai. Inda waya za ta ratsa ƙarfen da ya raba injin da mazaunin direba, a sa mata zoben roba. Baƙar wayar da ake ɗaurewa a jikin mota ta zama gajera, kaurinta daidai da na jar, a kankare fenti har ƙarfe ya fito fes kafin a ɗaure ta, domin sakaci a nan shi ne yakan jawo kukan nan da yake tashi da sauka tare da totur.

Abu guda ya rage, shi ne kuwa ya fi muni, wato ɗabi'ar nan ta cewa idan fis ya ƙone sai a naɗa masa silin waya ko takardar ƙarfe ta kwalin taba, a ce an yi dabara. Fis ba ya ƙonewa banza, dole akwai illar da ta ƙona shi. Mai karatu, in naka ya ƙone, ka sa a bi wayar tun daga batir har but a gano illar tukuna, sannan a mayar da wani mai lamba ɗaya da shi, kada ka yarda a ƙara maka ko kaɗan a kan lambar.