Akwatin Malam: Yadda Wani Ɗan Kasuwa A Zangon Kumasi Ya Mai Da Karatu Jari

Duk wanda ya taɓa sauka a Zangon Kumasi da kaya ya san cewa kafin gari ya waye unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zango sun riga sun tashi. Masu koko da ƙosai sun hura wuta, motocin Bawku da Tamale suna sauke fasinja, 'yan dako kuma sun nufi Kejetia. A cikin wannan hada-hada ne muka sami wani dattijo, dillalin goro, wanda abokan sana'arsa ba sa kiransa da komai sai Malam, ba don yana da makaranta ba, sai don ba a ganinsa ba tare da takarda a hannu ba. Ya roƙe mu da kada mu buga sunansa, mun kuwa amince.

Ranarsa takan fara ne da Alƙur'ani da Dala'ilu bayan sallar asuba. Daga nan sai rediyo. Da yake agogon Ghana yana bayan na Nijeriya da Nijar da awa guda, shirin safe na BBC Hausa yakan riske shi tun bai bar kan buzu ba. In ya fito rumfa, sai jaridar Daily Graphic, wadda yake bi a hankali da yatsa, domin Turancinsa na kasuwa ne, bai yi nisa a boko ba. Labarin siyasa ba ya ɗaukar masa lokaci. Abin da yake nema shi ne sanarwar banki, da ta kwastan, da farashin mai, da duk wani abu da ya shafi iyaka. In ya samu, sai ya sa reza ya yanke, ya rubuta kwanan wata da ajami a gefe, ya jefa cikin wani tsohon akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin bencinsa.

Akwatin nan shi ne ya kai mu wurinsa. Da ya buɗe mana, takarda ta farko da ya zaro ita ce ta canjin kuɗi na shekarar 2007, lokacin da Babban Bankin Ghana ya cire sifiri huɗu daga sidi, wato sidi 10,000 na da ya koma sidi ɗaya na yanzu. An fara ne a watan Yuli, aka bar tsoho da sabo suna yawo tare har ƙarshen shekara. Masu karatu da suka yi ciniki a Paga ko Aflao a wancan lokaci za su tuna irin ruɗanin da aka shiga, musamman baƙin da ke zuwa da sefa ko naira. Malam ya ce watanni kafin ranar ya riga ya zana wa kansa jadawali a bayan kwali, kuma a kan wannan kwali ne fatake da dama suka koyi sabon lissafi. Har yau dai akwai tsofaffi a kasuwa da in sun ce miliyan ɗaya, sidi ɗari suke nufi, saboda haka baƙo ya riƙa tambaya kafin ya ce ya saya.

Akwai kuma takardun dokar zuba jari ta 2013, wadda ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a kasuwanni, ta kuma ɗora wa baƙon da ke son buɗe harkar ciniki jarin dala miliyan ɗaya. A kan wannan doka ne aka yi ta rufe shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Akara a 2019. Ga na rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ga na juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da ya bar motocin albasa jibge a hanya, ga kuma na ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025.

To amma me ya sa mutum zai ɗora wa kansa wannan wahala? Amsar tana cikin shekarar 1969. A watan Nuwamba na shekarar ne gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Malam yana yaro a lokacin. Ya ga maƙwabta suna sayar da gidaje da kaya a wulaƙance, wasunsu an haife su a Kumasi, ba su ma san hanyar garin da aka ce su koma ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yawancin manyan gidansu a bakin mutane suka ji labarin, kowa da irin tasa, babu wanda ya iya ɗaukar jarida ya ga abin da dokar ta ce da idonsa. Tun daga nan ya ƙudura cewa ba zai sake jiran wani ya karanta masa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka karatu baƙo ne a wannan gari. Turawan Ingila da suka zo Kumasi a 1817 da 1820, Bowdich da Dupuis, sun tarar da malamai Musulmi a kusa da fadar Sarkin Asante, suna rubutu da Larabci. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, kasuwar goron Gwanja ta karye, fatake suka bazu, daga baya da yawa suka taru a Kumasi bayan Turawa sun ci ƙasar Tonawa. A cikin waɗanda suka bar Salaga akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete-Karaci har rasuwarsa a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da kuma Hausar ajami, har da waƙa kan zuwan Nasara da wata kan talauci da wadata. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara ɗaruruwan irin waɗannan rubuce-rubuce daga hannun malamai. Abin takaici, ɗalibin da ke Turai ya fi ɗan Aboabo sanin abin da ke cikinsu.

Da la'asar, in ciniki ya lafa, Malam yakan koma ga littattafan hira. Yana da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda bangonsa ya tafi tuntuni, an ɗinke shi da zare. Akwai Ruwan Bagaja, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya ce na 'yarsa ne (mun dai ga alamar yatsunsa a kowane shafi). Babu ko ɗaya da ya saya a Kumasi. Duk saƙo ne ya ba direbobi da fatake masu zuwa Kano. Littattafan addini irin su Ahalari da Iziyya da Risala ba su da wuyar samu a bakin masallatan Zango, amma littafin Hausar boko sai an yi da gaske.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hausa ita ce harshen ciniki a zanguna daga Kumasi har Bawku, gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana labarai da ita, tashoshi irin su Zuria FM suna shirye-shirye da ita, amma ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu. Yaro a Zango yana tashi da Hausa a baki, Larabci a makaranta, Turanci a boko, Tonanci a titi, amma in ka miƙa masa shafin nan da kake karantawa sai ya yi ta tuntuɓe a kan ƙ da ɗ. Jikokin Malam sun fi shi samun labari da wuri, domin wayarsu ba ta hutawa, sai dai saƙon murya ne ake turowa, babu kwanan wata, babu sunan wanda ya faɗa. Sau da yawa su ne ke dawowa wurinsa su tambaya ko gaskiya ne an rufe iyaka.

A ganinmu, nan ne 'yan kasuwa ke da abin yi, ba gwamnati ba. Motar da ta ɗauko buhun albasa daga Galmi ko Madawa, ta ratsa Sankase ta shigo Ghana, ba za ta gaza ɗaukar kwali ɗaya na littattafai da tsofaffin jaridu ba. Mun tambayi Malam abin da yake so a kawo masa in an samu mai zuwa. Ya ce kwafin Aminiya, ko na watan jiya ne, da sabon Magana Jari Ce littafi na uku, domin nasa shafukan ƙarshe sun ɓace.