Kantu ko Isaka Isaka: Gardamar da Ta Ƙi Ƙarewa a Zangonninmu

Duk wanda ya saba zama a majalisun Hausawa na Ganu da Zangon Paraku, ko kuwa na Jugu, ya san cewa da zarar sanyin hunturu ya kama, aka shiga watan Disamba, to hira ɗaya ce ke mamaye kowace rumfa, wato hirar kokawar takobi ta Jamhuriyar Nijar. Mahauci da tela da direban babbar mota mai zirga-zirga tsakanin Paraku da Gaya, kowa kunnensa na jikin rediyo ko idonsa na kan waya. Ba a kuma rabuwa sai an tayar da tsohuwar gardamar nan: a duk tarihin kokawa, wane ne gwarzon gwaraza?

Kafin mu shiga gardamar, ya kamata mu ɗan waiwayi baya saboda yaranmu da aka haifa a nan. Kokawa tsohuwar al'ada ce ta lokacin kaka, sa'ad da aka kai amfanin gona gida, samarin wannan ƙauye su tafi wancan ƙauye da makaɗansu a gwada ƙarfi a gaban sarki da jama'a. A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, gwamnatin Nijar ta mayar da ita gasar ƙasa baki ɗaya, aka yi karon farko a Tawa. Wanda ya ɗauki takobi a wannan karo shi ne Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan jihar Maraɗi. A wancan zamani ne kuma sunayen Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade na Tawa suka cika ƙasa. Daga baya tsarin ya zauna a kan jihohi 8, wato Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kowace jiha ta kawo 'yan kokawa 10, su 80 ke nan, a yi ta kayar da juna har a bar mutum ɗaya a tsaye.

To, a nan ne jama'armu suka rabu gida biyu. Samari suna riƙe da Kadiri Abdu na Doso, wanda duniya ta sani da Isaka Isaka. Hujjarsu kuwa ba ta da wuyar ganewa. A ƙarshen 2023, a Agadas, ya ɗauki takobinsa na 6, abin da babu wani ɗan kokawa da ya taɓa yi kafin shi. Sukan ce takobi ba a ba da shi don farin jini, sai an kayar da maza, saboda haka wanda ya fi yawan takubba shi ne babba, magana ta ƙare. Sukan ƙara da cewa su da idonsu suka gani, gani kuwa ya kori ji.

Dattawa kuma ba su yarda ba ko kusa. A wurinsu, su Kantu da Salma sun yi kokawa a lokacin da ɗan kokawa manomi ne ko makiyayi, ba shi da mai horarwa, ba shi da likita, ladan da ake samu kuma bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na yau. Sukan nuna cewa filin kokawa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma sunan Langa-Langa, ai ba a raɗa wa fili sunan mutum a banza. Har ila yau sukan ce, shi kansa Isaka in ya shiga fili a garinsu, ƙarƙashin sunan Salma yake shiga.

Irin wannan gardama ba mu kaɗai muke yin ta ba. Akwai wani wasa da ake kira kurket, wanda Ingila ta yaɗa a ƙasashen da ta mallaka, har ɗaliban tsohuwar Kwalejin Katsina sun buga shi. A wasan, mutum ɗaya ke jefa ƙwallo don ya fitar da mai bugu, kuma ba kamar kokawarmu ba, su komai a rubuce yake tun fiye da shekara 100. Muttiah Muralitharan na Siri Lanka ya fitar da mutum 800 a manyan wasannin ƙasa da ƙasa 133 kafin ya ajiye a 2010. Shane Warne na Ostareliya ya fitar da 708 a wasa 145. Amma wani Bature mai suna Sydney Barnes, wanda ya yi wasa daga 1901 zuwa 1914, ya fitar da 189 a wasa 27 kacal. In aka yi lissafin rabawa, Barnes na fitar da mutum 7 a kowane wasa, Muralitharan kimanin 6, Warne kuwa bai cika 5 ba. Ke nan in jimla aka duba, wannan ne gaba, in kuma rabawa aka yi, wancan ne. Ga shi duk da littattafansu, har gobe ba su daidaita ba, domin filayen da aka yi wasa da yawan wasannin da abokan karawa duk sun bambanta.

Darasin da muka ɗauka a nan shi ne, lissafi yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. In tambayar ita ce wa ya fi yawan takubba ya zuwa 2023, to babu ja, Isaka Isaka ne, kuma bai kamata dattijo ya ji nauyin faɗin haka ba. Kayar da zaɓaɓɓun maza na jihohi 8 har sau 6, a zamanin da kowa ke kallon bidiyonka yana nazarin dabarunka, ba ƙaramin abu ba ne. In kuwa tambayar ita ce wa ya fitar da kokawa daga dandalin ƙauye ya sa ƙasa guda ta tsaya cak tana saurare, to wannan su Kantu ne, kuma ya kamata yaro ya sani. Zamani riga ne, kowa da irin wadda ya tarar.

Amma fa akwai abubuwa biyu da ke damunmu. Na farko, gardamar takan zarce ta koma gorin asali, ɗan Maraɗi ya zagi ɗan Doso, Bahaushe da Bazabarme su kwana ba sa gaisawa. Mu da muke zaune a ƙasar Benin tare da Dandawa da Bariba da Fulani da Yarabawa, tun zamanin da ayarin fatake ke yada zango a Jugu kan hanyar Gwanja, ba mu da ƙarfin da ya wuce haɗin kanmu. Bai dace wasan da aka ɗaukaka don haɗa kan jama'a ya zama sanadin raba zumunci a zango ba.

Na biyu ya fi ciwo. Muna ta gardama a kan zakarun wata ƙasa, alhali namu na gida sun ɓace ba labari. Kowace unguwa a nan ta taɓa yin samarin da suka yi suna a dandali bayan kaka, amma sunayensu suna cikin kawunan tsofaffi ne kurum, tsofaffin kuwa kullum raguwa suke yi. Abin da ya riƙe sunayen 'yan kokawar Nijar shi ne rediyo da makaɗa irin su Sagalo. Maƙwabtanmu Kabiye na Kara a Togo kuma kowane watan Yuli suna yin kokawarsu ta Evala, yaro na ganin wansa a fili yana koyo. Mu kuwa yaranmu sun haddace 'yan ƙwallon Faransa da Sifen, amma ba su san kakansu ya taɓa ɗaura warki ba.

Saboda haka muna ba da shawara. Mu malaman makaranta mu riƙa tura ɗalibai wurin dattawan unguwa da littafi da alƙalami, su rubuto sunan kowane ɗan kokawa na dā, da unguwarsu, da wanda ya kayar, da wanda ya kayar da shi. Sarakunan zango da ƙungiyoyin samari kuma su ware rana ɗaya bayan kaka a zuba yashi a fili, a sa alƙalai masu adalci, yara su gwada ƙarfinsu cikin ladabi. Wannan ba ya bukatar kuɗi masu yawa, niyya yake bukata.

Ita kuwa gardamar Kantu da Isaka a ci gaba da ita, tana da daɗi, muddin za a tashi ana dariya. Allah Ya ƙara mana zumunci da zaman lafiya, amin.