Kiran da Dawa Ke Yi a Ƙarƙashin Ƙasa

Duk wanda ya tuge dawa ya kakkaɓe ƙasar da ke jikin saiwarta, rabin abin da ke ciyar da ita kawai ya gani. A cikin saiwar da kewayenta akwai wasu zarurruka masu rai, sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsu sai da madubin binciken ƙananan halittu. Dangin funfuna ne da naman kaza, amma ba sa ruɓar da shuka. Masana suna kiran wannan zaman tare mikoriza, sunan da Bajamushe Albert Bernhard Frank ya raɗa a 1885. Fiye da kashi 70 cikin 100 na tsirran doron ƙasa suna da irin waɗannan abokan zama, ciki har da gero, dawa, masara, wake, gyaɗa, rogo da albasa. Kabeji da alayyafo kuwa ba ruwansu da su.

Ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda. Shuka tana haɗa sukari a ganyenta da hasken rana, ta aika wa zarurrukan wani kaso, wani lokaci har kashi 20 cikin 100. Su kuma su kawo mata abin da saiwa ba ta iya kaiwa gare shi, musamman fosfaras, sinadarin nan na takin supa. Fosfaras ba ya yawo a ƙasa kamar yadda yuriya ke bin ruwa. Saiwa kan tsotse wanda ke dab da ita, milimita ɗaya ko biyu, daga nan ta tsaya jira. Zarurrukan su ne ke zarcewa santimita da yawa, su kutsa ƙananan ƙofofin da saiwa ba za ta shiga ba, su ɗebo fosfaras da zinki su kai har cikin ƙwayoyin saiwar. Suna kuma ɗaure ƙwayoyin ƙasa wuri guda, ta fi riƙe ruwa, ta rage zaizaya.

Abin da ya fi shafar manomin jigawa, daga Kano zuwa Maraɗi, shi ne yadda shuka ke kiran abokan nata. Idan fosfaras ya yi ƙaranci, saiwa tana fitar da wani sinadari cikin ƙasa. A 2005 masu bincike a Japan suka nuna cewa wannan sinadari ne ke sa zarurrukan su yi rassa su nufo saiwar. Sai dai tun 1966 an san cewa irin sinadarin ne ke tayar da irin ƙuduji daga barci. Ke nan dawar da ke jin yunwa tana kiran mai taimako, ƙuduji ya ji kiran shi ma ya tsiro ya kama saiwarta. Manoma sun daɗe suna cewa ƙuduji alamar gajiyar gona ce, ga kuwa ɗaya daga cikin dalilan. Binciken da aka yi kan dawa a arewacin Kamaru ya nuna cewa saiwar da mikoriza ta riga ta kama, ƙuduji yana raguwa a jikinta, domin shukar da ta samu biyan bukata tana sassauta kiran.

A ganina, nan ya kamata malaman gona su fi ba da ƙarfi, maimakon tallata maganin mikoriza na kwalba, wanda sau da yawa ba ya fin na asalin gonar amfani. Huɗa mai zurfi kowace shekara tana tsinka zarurrukan. Gonar da aka bari tsirara na dogon lokaci, babu ko ciyawa, tana kashe su da yunwa, tunda ba sa rayuwa sai da saiwa mai rai. Manoman Kwinsland a Ostareliya sun ga amfanin gona ya tsumbure bayan irin wannan hutu. Zabga takin fosfaras fiye da kima ma yana sa shuka ta juya wa zarurrukan baya. Shi ya sa dabarar sa ɗan taki cikin murfin kwalba a gindin shuka, wadda cibiyar ICRISAT ta Sadore a Nijar ta yaɗa, ta dace da ƙasarmu, balle idan aka haɗa ta da takin dabbobi, da barin kara a gona, da surka wake ko gyaɗa cikin gero.