Turanci a gonakin audugar Jazira: Harshen da ya girma da aro

Duk wanda ya taɓa ɗibar auduga a gonakin Jazira da ke ƙasar Sudan ya san sunanta da Larabci, wato "ƙuɗun". Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, Baturen da ke lodin wannan auduga a jirgin ruwa zuwa masaƙun Lankasha a da, shi ma da wannan suna yake kiran ta, sai dai harshensa ya murɗe shi ya koma "cotton". Kalmar ta shiga Turanci fiye da shekara 600 da suka wuce, ta hannun fataken Italiya da Faransa da ke cinikayya da Larabawa. Ke nan tun kafin Ingilishi su san hanyar Kogin Nilu, harshensu ya riga ya ci bashin Larabci.

Dama can Turanci da aro ya tashi. A ƙarni na 5 ne wasu ƙabilu uku, Angil da Sakson da Jut, suka ƙetaro teku daga yankin da yake arewacin Jamus da Danmak a yau, suka sauka tsibirin Birtaniya da yarukansu. Daga sunan Angil aka samo Ingila da Ingilishi. Wannan tsohon Turanci ya yi nisa da na yanzu, ta yadda ko haifaffen Landan ba ya iya karanta shi sai an koya masa. Daga shekarar 793 mahara daga ƙasashen Sikandinebiya suka fara kawo farmaki, wasunsu suka zauna suka yi auratayya, suka bar wa Turanci kalmomin yau da kullum irin su "sky" da "egg", har da wakilin suna "they".

Babban sauyi ya zo ne a 1066, lokacin da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu, Turanci kuwa na talakawa ne da manoma. Har yau tabon yana nan: saniya tana garke sunanta "cow" na makiyayi, amma da zarar namanta ya hau teburin masu mulki sai ya zama "beef" na Faransanci. Sai a 1362 aka yi dokar a riƙa shari'a da Turanci. A 1476 Wiliyam Kakston ya kafa injin ɗab'i a Wesminista, rubutu ya fara daidaituwa, sannan ƙamus ɗin Samuwel Jonson na 1755 ya ƙara ɗaure shi. Abin da ya rage sai jiragen ruwa da bindiga suka kai shi duniya.

To, bindigar ce ta haɗa Turanci da Hausawan Sudan. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da dubban jama'a, aka kashe shi a yaƙin Burmi a watan Yulin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, wajen 1906, inda garin Mai Wurno yake a yau. Abin mamaki, Nasaran da suka gudo wa a gida su suka tarar a Sudan, domin tun 1899 ƙasar tana ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman Jazira, sai ƙarin Hausawa da Fulani da Barebari, galibinsu mahajjata masu tafiyar ƙasa, suka riƙa tsayawa suna ƙwadago don tara guzuri. Da yawa sun je Makka sun dawo nan, wasu ma ba su ƙarasa ba.

Daga nan Hausa ta rabu hanya biyu. A Arewacin Najeriya, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ga barikin soja, ga akawunan kantuna, ga makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa da aka buɗe a 1909. Ta waɗannan ƙofofi mota da direba da asibiti da likita da tebur da bokiti da famfo suka shigo, har da kwabo da sisi da sule. Mutanen Mai Wurno kuwa sun bar gida kafin yawancin waɗannan kalmomi su zauna a bakin Bahaushe. Da abubuwan suka same su a Sudan, da sunan Larabci suka zo: mota "arabiyya" ce, asibiti "mustashfa", bokiti "jardal", tebur kuma "tarabeza". Ko jami'an Ingilishi da ke mulkin ƙasar sai da aka wajabta masu cin jarrabawar Larabci, saboda haka sufeton gona, wanda ake kira "mufattish", da Larabci yake ba manomi umarni. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum ya rubuta littafi guda a kan yadda Hausar Sudan ta rungumi Larabci, wanda ya fito a 1999.

Duk da haka Turanci ya lallaɓo ta bayan gida. "Lori" da "warsha", wato garejin gyara, daga Turanci suke. Mafi ban sha'awa shi ne sunan kuɗin Sudan, "jinai". Asalinsa tsabar zinariya ce da Ingila ta fara bugawa a 1663, aka sa mata suna Gini saboda daga gaɓar Afirka ta Yamma ake kawo zinariyar. Sunan ya tafi Landan, ya sauka Alƙahira, ya gangaro Khartum, ya faɗa aljihun jikokin mutanen Afirka ta Yamma. Haka ma Bakano mai cewa "suga" da Bahaushen Jazira mai cewa "sukkar" kalma ɗaya suke furtawa, ɗaya ta biyo ta Turai, ɗaya kai-tsaye daga Larabci. Masu kukan cewa Ingausa za ta kashe Hausa ya kamata su dubi wannan tarihi da kyau, don harshen da suke tsoro shi ma da kayan aro aka gina shi.

Sai dai a makaranta lissafin ya sha bamban. Kwalejin Godon da aka buɗe a Khartum a 1902 ta horar da 'yan tsirarun ma'aikata ne, 'ya'yan leburorin auduga ba su cikin lissafi. Bayan 'yancin kai a 1956, an fara mayar da karatun sakandare zuwa Larabci a 1965, jami'o'i suka bi baya a 1990 zamanin Umar al-Bashir. Kundin tsarin mulki na wucin gadi na 2005 ya sanya Turanci kusa da Larabci a matsayin harshen aikin gwamnati, amma takarda daban, aji daban. Yaron ƙauyen Jazira yana tashi da Hausa a gida, Larabci a kasuwa da makaranta, Turanci kuwa darasi ne guda cikin darussa. Idan ya haɗu da ɗan'uwansa na Zariya, gaisuwa da zancen dangi ba matsala, amma da an shiga batun ofis ko asibiti sai a fara tambayar juna ma'ana.

Akwai wata kalmar Turanci da ta fi kowace nauyi a Jazira, wato "kambo", jam'inta "kanabi". Daga "camp" ta fito, sunan matsugunan da aka keɓe wa leburorin gona a gefen magudanan ruwa, waɗanda yawancinsu 'yan Darfur ne da Kurdufan da Afirka ta Yamma. An kafa su a matsayin zaman wucin gadi, amma zuriya bayan zuriya aka haifa a ciki, da yawa babu takardar mallakar fili, babu isassun makarantu da ruwan sha. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya iso yankin lokacin da dakarun RSF suka kama Wad Madani a Disambar wannan shekara, sojoji suka ƙwato birnin a Janairun 2025. A ranar 10 ga wannan wata aka kai hari Kambo Ɗayba, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe mutum aƙalla 26. Rahotannin Turanci da suka ba da labarin sun rubuta "kanabi" yadda mutanen Jazira ke faɗa, sannan suka yi wa masu karatunsu bayanin ma'anarta.