Daga randar tsakar gida zuwa ajin kemistiri: Yadda ruwa ke sanyaya kansa

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san daɗin ruwan randa a tsakiyar bazara. Rana na ƙona ƙasa, amma ruwan yana nan da sanyinsa, babu lantarki, babu ƙanƙara. Abin da ɗalibai da dama ba su lura da shi ba shi ne, darasin ƙwayar zarra da suke haddacewa domin jarrabawar WAEC da NECO, shi ne ke aiki a cikin wannan randa.

Kowane abu a duniya, daga dutse har iskar da muke shaƙa, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, waɗanda ido ba ya iya gani. A farkon ƙarni na 19 ne John Dalton, wani malamin makaranta a Ingila, ya bayyana cewa kowane sinadari na asali yana da irin tasa ƙwayar. A yau an san sinadaran asali 118.

Idan ƙwayoyin zarra suka haɗu suka ƙulle da juna, sai a samu molikul. Molikul ɗin ruwa ya ƙunshi ƙwayar haidurojin biyu da ta oksijin ɗaya, abin da ake rubutawa H2O. A ɗigon ruwa ɗaya kacal, adadinsu ya zarce biliyan sau biliyan.

Ƙanƙara da ruwa da tururi duk molikul iri ɗaya ne; bambancin yana ga motsinsu. A cikin ƙanƙara, kowanne yana tsaye a gurbinsa yana ɗan karkarwa kawai. A digiri 0 na ma'aunin Selshiyos ƙanƙara ke narkewa, sai su riƙa zamewa a jikin juna, shi ya sa ruwa ke ɗaukar siffar duk mazubin da aka zuba shi. Idan kuma ya zama tururi, sai su rabu, kowa ya kama gabansa.

Sai dai ruwa ba ya jiran tafasa a digiri 100 kafin ya koma tururi. A kowane lokaci, waɗanda suka fi kuzari a samansa suna kuɓucewa zuwa cikin iska, suna tafiya da zafi. Jikin randa cike yake da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu. Yayin da yake bushewa a waje, na ciki sai ya yi sanyi. Haka gumi ke sanyaya jikin mutum. Wannan ne ma dalilin da randa ta fi sanyi lokacin hunturu da bazara, domin iskar damina ta riga ta ƙoshi da laima.

Wannan ilimi ne marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya mayar abin amfanin manoma a shekarun 1990. Ya sanya ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da ɗanyen tsumma. Kayan lambu da kan lalace cikin 'yan kwanaki suka riƙa kai makonni, manomi ya daina sayar da su a wulaƙance don gudun asara. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki.

Makarantu da yawa ba su da ɗakin gwaje-gwaje, amma wannan darasi bai buƙatar tsadaddun kayan aiki. Malami na iya kawo randa da bokitin roba cikin aji, ya cika su da ruwa ɗaya da safe, ya sa ɗalibai su auna zafin kowanne da azahar, sannan ya tambaye su ina zafin ruwan randar ya tafi. Ɗalibin da ya iya amsa wannan da bakinsa ya fahimci abin da ya haddace.