Sabis Ba Iska Ba Ne: A Daina Sayen Batirin Sata

"Ai kayan kamfani ne, me ya shafe mu?" Na gaji da jin wannan magana duk sa'ad da aka kawo batiri ko faifan sola mai arha, wanda kowa ya san daga turken sabis aka ɓalle shi.

Idan mai POS ya zura kati a Tsamiya, nan ƙasar Bagudo, kan iyakar Segbana, turke ne ke ɗaukar saƙon, ya miƙa shi har rumbun kwamfutoci, galibi a Legas, irin Rack Centre na Ikeja. Injinan can ba sa barci, kuma sai an sanyaya su dare da rana. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 irin waɗannan rumbuna sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na lantarkin duniya. A nan gida, inda wuta ke zuwa ta ɗauke, janareta ke cike giɓin. Shi ya sa ake ƙoƙarin komawa ga hasken rana da iskar gas, a rumbunan birni da turakun ƙauye.

To, mai cewa kayan kamfani ne, saurara. Ranar da aka sace batiri, turken ya koma shan dizal ba hutu. Hayaƙin da ƙarar, mutanen Legas ne za su sha ko maƙwabtan turken? In man ya ƙare, sabis ya ɗauke. Ɗan kasuwar Lolo ya tsaya da kaya, kuɗi sun maƙale. Mai naƙuda a ƙauyen Illo ta rasa yadda za a kira mota. Kamfani kuwa ba ya asara shi kaɗai: a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50, saboda tsadar gudanarwa. Arhar nan daga aljihunka ta fito. Kuma tun 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, taɓa su babban laifi ne.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: kamfanoni su biya masu gadi yadda ya kamata.

Kai kuma, kada ka sayi batiri ba rasit. Wanda aka kankare lambarsa, ka bar shi nan. Masu haɗa sola da masu cajin waya su ƙi karɓa, domin ɓarawo ba ya sata sai ya san kasuwarsa. Ka ga baƙi suna kwance kaya da dare, sanar da mai unguwa ko jami'an sibil difens. Limamai su faɗa a huɗuba cewa mai saye yana sane abokin ɓarawo ne. Mataccen batiri kuwa, kada a fasa shi ko a jefa shi Kogin Neja, dalmar cikinsa guba ce, musamman ga yara. A mayar wa dillali.

Mu ji tsoron Allah, jama'ar Bagudo.